Na Je Biko Dapaong, Na Ɓuge Da Gugar Taya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je biko Dapaong ba, ko da na so in manta, domin matata ba za ta bari ba. Duk baƙon da ya zauna a gidanmu har ya sha ruwa, sai ta ba shi labarin. Gara in ba ku da bakina kafin ku ji nata, wanda kowace shekara sai ya ƙara tsawo.

Ni mai gyaran fanka da rediyo ne a Sokode. Sana'ar ba ta da laifi, laifin na hannuna ne: ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi. Idan ina cikin gyara na rasa wani ɗan ƙarfe ko 'yar roba, idona kan fara yawo a cikin gida, kuma duk abin da ya sauka a kai ya shiga uku. Rariyar Fusena, matata, ta zama murfin sifika. Mariƙin bokitinta ya zama eriya. Ba na sata, Allah ya sani. Matsalata ita ce ba na tambaya, kuma in an fara yi mini magana ina tsakiyar aiki, ba na bari a kai ƙarshe.

Fusena tela ce. Ana gab da babbar Sallah, ɗinkin mutane ya cika mata ɗaki, na cire ɗan injin lantarkin da ke jikin kekenta don in gwada wata fanka. Niyyata in mayar kafin ta dawo daga kasuwa. Injin ya yi wani ƙara, ya yi hayaƙi, ya mutu a hannuna. Ta ƙarasa ɗinkin Sallar nan da ƙafa, wasu ta mayar wa masu su da yadinsu tana ba da haƙuri. Ba ta yi mini faɗa ba (da ma ta yi, da na fi samun sauƙi). Bayan Sallah ta haɗa kayanta, ta kama hannun 'yarmu Zuwera, suka hau motar Dapaong, gidan iyayenta.

Na yi ta kira ba ta ɗauka. Na tura kawuna ya yi magana da mahaifinta, Alhaji, dillalin shanu ne, mutum mai nauyin jiki da nauyin baki. Amsar da ya bayar gajeriya ce: wanda ya yi ɓarnar ya zo da ƙafarsa. Kawu ya ƙara mini da cewa Alhaji ya ce in ya ga ban canza ba, 'yarsa ba ta rasa ɗakin kwana ba. Wannan maganar ta hana ni sukuni. Gidan ya yi mini faɗi, kuma gaskiya ina son matata, ina kewar 'yata har abinci ba ya shiga.

Na shirya kamar mai zuwa neman aure. Na sayi sabon injin keke na naɗe a jaka, na sa a wanke mini farin kaftanina aka sa masa sitaci, na kuma sayi sabon takalmin fata baƙi mai sheƙi, irin wanda ban taɓa sa wa ƙafata ba. Tun daga Kara har Mango ina maimaita jawabin da zan yi. A Mango matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko wuridi nake yi.

Na isa da hantsi. Aka ce Alhaji ya yi sammako zuwa kasuwar Tanjuware, sai bayan la'asar. Surukata, wadda kowa ke kira Mma, ta amsa gaisuwata daga bayan labule, ta aiko mini da tabarma da ruwa zaure. Fusena ko tarinta ban ji ba. Na cire sabon takalmina na jera shi a bakin ƙofa yadda duk mai shigowa zai gani, na zauna na naɗe ƙafa, na ɗora hannu a gwiwa. Na yi wa kaina alkawari cewa hannun nan ba zai taɓa komai ba har in bar garin.

Sai ga Zuwera. Na ɗauka za ta rugo ta faɗa jikina, amma ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ni kamar wani baƙon kakanta. A hannunta akwai wata 'yar mota ta gwangwanin kifi, tayoyinta na murfin kwalba, ɗaya ya karkace. Na tambaye ta ta wane ne.

"Tawa ce," in ji ta. "Amma ba ta gudu. Kullum ni ce ta ƙarshe. Sun ce in na ƙara zuwa ƙarshe yau, in daina zuwa."

Ashe yaran unguwar suna da tsere kowace yamma. A gefen gidan akwai wani shagon hatsi mai gangaren siminti, inda ake tura buhuna. In an rufe shago sai su jera motocinsu a sama, a sake su tare, wadda ta fi nisa ita ta ci. Zuwera baƙuwa ce a cikinsu, kuma ita kaɗai ce mace. Tun da suka zo take ƙoƙarin shiga cikinsu da wannan gwangwanin.

Na karɓi motar na juya ta. Nan fa alkawarina ya fara rawa. Ku sani, a yarintata a zangon Sokode ba a taɓa cin motata ba. Na san sirrin abin tun ban san karatu ba: jikin mota ado ne kawai, gudu a taya yake. Murfin kwalba yana da haƙora, yana tsalle, yana cin gudun. Tayar kirki daga silifa ake yanka ta, kuma ba sabuwa ba. Sabuwar silifa laushi gare ta, tana lotsewa. Tsohuwa ake nema, wadda wani mai nauyi ya shekara da shekaru yana takawa har robar ta danne ta yi tauri.

Na ce wa kaina ai wannan ba taɓa kayan mutane ba ne, taimakon 'yata ne. Na tashi na leƙa bayan zaure, inda ake tara shara kafin a kwashe. Kamar an ajiye mini: ga wata silifa ƙafa biyu a kan tarin, shuɗiya ce a da, yanzu ta koma kalar toka, an ɗaure igiyarta da waya, dunduniyar ta lotsa ta yi sulɓi. Na matsa ta da yatsa. Ban taɓa ganin roba mai kyau irin wannan ba. Na ɗauko ƙafar dama.

Zuwera ta ce, "Baba, wannan ai..."

"Yi shiru ki koyi aiki," na ce mata. "Je ki samo mini reza da murfin gwangwanin tumatir."

(Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

Na ɗora murfin na zana da'ira huɗu, biyu a dunduniya, biyu a tsakiya, na yanke su da reza. Abin da ya rage na silifar na mayar kan shara. Daga nan aikin gaske ya fara. Tayar da aka yanka da reza ba ta zama da'ira, tana da kusurwoyi ƙanana da ido ba ya gani amma siminti yana ji. Na huda tsakiyar kowace da ƙusa mai zafi, na jera su huɗun a ƙusa ɗaya na matse, domin in ka goge su ɗaya bayan ɗaya, wata za ta fi wata girma, mota ta riƙa kwana tana komawa inda ta fito. Na durƙusa a dakalin ƙofar gida ina gurza su a jikin siminti, ina juyawa a hankali, ina hure garin robar. Da suka daidaita na raba su, na shiga zagaye bakin kowace, yadda ɗan siririn tsakiyarta ne kawai zai taɓa ƙasa.

Na nuna wa Zuwera yadda ake ji da leɓe. Yatsa yana ƙarya, amma in ka goga taya a leɓenka, duk wani ɗan tudu sai ka ji shi. Ta gwada, ta ce akwai saura a nan. Ta yi gaskiya. Na aike ta wurin kafintan da ke kan kwana ta roƙo guntun samfefa wadda ta riga ta cinye, muka jiƙa ta da ruwa, ita tana goge biyu ina goge biyu. A nan ne ta fara ba ni labari: malamin lekol ɗinsu, wato makarantar boko, akuyar Mma da ta haifi uku, yadda mamanta take zama shiru a kan keken ɗinki na aro. Tana magana tana jingine da kafaɗata. Rabon da ta jingina da ni haka, har na manta.

Azahar ta yi, na yi salla na dawo kan aiki. An kawo mini shinkafa da wake, ta huce ban buɗe ba. Wayata ta yi ta ƙara a aljihu ban duba ba. Farin kaftanin nan ya koma shuɗi-shuɗi daga gwiwa zuwa ƙasa, jawabin da na haddace kuwa ya bi iska. Muka sa tsinken tayar keken hawa a matsayin sandar taya, muka ɗiga masa ɗan man kaɗe. Na bugi taya ɗaya da yatsa, ta yi ta juyawa ba ƙara ba rawa, har Zuwera ta gaji da jira ta tsaya.

Bayan la'asar aka rufe shagon hatsi, yara suka taru. Da mutum mai hankali ne ni, da na koma zaure na naɗe ƙafa. Ni kuwa na tattare kaftani na bi su, ba ko takalmi. Aka jera motoci, aka sake. Ta Zuwera ta fara a hankali, sannan ta zame ta wuce su kamar an ja ta da zare. Ta sauka gangaren, ta haye ƙasa, ta ci gaba da tafiya bayan duk sauran sun tsaya. Wani yaro daga cikin 'yan ƙabilar Moba na unguwar ya ce, "Zuwera ne ya yi piramiye." Wato ita ta zo ta ɗaya. Ni kuma, uban 'ya, mai neman a mayar masa da matarsa, ina tsakiyar titi ina tsalle ina tafi.

Motar ba ta tsaya ba sai da ta daki ƙafar wani mutum da ke saukowa daga bayan babur. Na bi ƙafar da kallo zuwa sama. Alhaji ne.

Na zube a wurin na kwashi gaisuwa. Ya amsa a taƙaice. Ya sunkuya ya ɗauki motar, ya juya ta, ya daɗe yana kallon tayoyin, har ya kankare ɗaya da farce. Ya miƙa wa Zuwera ya shige gida. Ni a wautata na ɗauka aikin ne ya burge shi.

Ba a jima ba aka kira ni zaure. Alhaji yana zaune a kan buzu, ƙanensa a gefe a matsayin shaida, labulen ƙofar cikin gida kuma yana motsi, alamar Mma da Fusena suna bayansa. Na durƙusa. Abin mamaki, jawabin ya dawo mini gaba ɗaya. Na amsa laifina, na fito da sabon injin na ajiye a gabansa, na yi bayani mai ratsa jiki. Na rufe da cewa, "Baba, daga ranar da suka taho na yi wa kaina faɗa. Wallahi hannun nan ya tuba. Ko tsinke na gani a ƙasa, in ba nawa ba ne, sai na tambaya."

Ƙanen Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce magana ta yi kyau.

"Madalla," in ji Alhaji. "Ko tsinke."

"Ko tsinke, Baba."

"To, bari in yi alwala kafin mu ƙarasa. Zuwera, kawo mini silifata. In ba ta bakin ƙofa, duba kan shara, kakarki ta saba kai ta can."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba.  Na ji takun Zuwera ta tafi, na ji ta dawo. Ta ajiye su a gaban kakanta, ta jera su da kyau yadda aka koya mata: ta hagu lafiyayya, ta dama da ramuka huɗu, zagayayyu, tsaf.

"Na so in gaya masa taka ce," in ji ta. "Ya ce in yi shiru in koyi aiki. Ya ce ta mai nauyi ta fi daɗin taya."

Alhaji ya miƙe, ya zura ƙafar hagu, ya zura ta dama. Dunduniyarsa ta leƙa ta rami ta taɓa ƙasa. Ya ɗaga ƙafar ya duba ƙasanta, ya mayar. Ƙanensa ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni dai na kafa ido a kan tabarma ina roƙon Allah ya tsaga ƙasa in shige, ko a aiko a ce shagona na Sokode ya kama da wuta, in samu dalilin gudu.

Daga baya na ji tarihin silifar. Tun kafin a yi mana aure yake alwala da ita. An saya masa sababbi ba adadi, ya ce duk suna sa shi santsi. Duk ranar kasuwa in ya fita, Mma sai ta jefar da ita, in ya dawo ya je ya ɗauko abarsa. Duk gidan an san wannan, har akuya. Ni kaɗai ne ban sani ba, kuma wadda za ta gaya mini na rufe mata baki.

Alhaji ya zauna, ya juya wajen labule.

"Fusena, da kika zo kina ba ni labari, na ɗauka kina ƙarawa. Yau na gani a ƙafata. Mutumin nan wuni ɗaya ya yi a gidana. In kin ce ba za ki koma ba, ba zan ce miki don me ba."

A nan dariyar da ke cikin al'amarin ta ƙare mini. Na ga gidan Sokode ba kowa, na ga Zuwera tana girma tana gaishe ni daga bakin ƙofa. Duk a kan taya huɗu. 

Sai wani ɗan sauti ya fito daga bayan labule, kamar an toshe baki da mayafi. Na ɗauka kuka take. Sautin ya ƙaru, ya ƙwace mata. Dariya ce. Fusena tana dariya har tana neman numfashi, Mma tana cewa ke bari mana, alhali ita ma muryarta ta tafi.

Da ta samu kanta ta ce, "Baba, ba zai canza ba, wannan na sani. Tun safe nake kallonsa ta taga. Na ga lokacin da ya ɗauko ta."

"Kika yi shiru?" in ji Alhaji.

"Mma ce ta riƙe ni."

Mma ta ce daga ciki, "Ni ban ga komai ba, Alhaji."

Fusena ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Amma tun da muka zo yarinyar nan ba ta yi dariya ba sai yau. Ya wuni a durƙushe saboda ita, ko abinci bai ci ba. Zan koma. Sai dai ɗakin ɗinkina kwaɗo zan sa masa, makullin kuma a wuyana."

Na ce na yarda. Na ce in tana so ta sa biyu. 

Alhaji ya ce to shi ke nan, Allah ya kiyaye gaba. Ya tuɓe silifar, ya tura wa Zuwera ta hagun da ƙafa, ya ce ta ajiye, in tayoyin sun cinye ubanta ya yanka mata wasu. Ya yi alwalarsa a bakin ƙofa ba takalmi. Da ya gama, ina kallo, ya zura ƙafafunsa cikin sabon takalmina na fata, ya taka, ya ƙara takawa, ya ce daidai. Ya kama hanyar masallaci. Bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, wannan ai..."

"Yi shiru, Malam," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba. "Na gan shi a ƙofa ne, na ɗauka ba mai shi."

Tuwon da Mma ta aiko mini a ranar, naman da ke kansa ya fi tuwon yawa. Takalmi kuwa har yau yana Dapaong, an ce da shi yake zuwa Juma'a.

Washegari muka kamo hanyar Sokode mu uku. Zuwera ta rungume motarta, ni kuma ina sanye da silifar Fusena, ja mai fure a sama, rabin dunduniyata a waje. A tasha kowa sai ya kalli kaftanina, ya kalli ƙafata, ya kawar da kai. Ban damu ba ko kaɗan. Matata tana gefena tana ɓare wa 'yarmu gyaɗa, wannan ya ishe ni.

Abin da na koya shi ne, in yaro ya ce maka "wannan ai", ka ajiye rezar ka bari ya ƙarasa. Ban ce na warke ba. Mun wuce Mango na sunkuya ina kallon silifar da ke ƙafata, na ɗan matsa dunduniyarta da babban yatsa, don ta fara dannewa, robar ba laifi. Ban ce komai ba, wallahi. Fusena ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Injiniya," ta ce, "kada ka soma."